Huɗu da Takwas, da Yajin da Na Yi da Furfura

Da sunan Allah mai rahama, wanda ya ara mini kwana har na goya 'ya'yan jikokina. Wannan babin ba na dariya ba ne, ko da yake na san da dariya kuka fara jin sa. Tun kuna ƙanana ake gaya muku kakarku ta yi yaji da furfura a ka, ta bar tsoho da murhu a sanyaye. Gaskiya ne, na yi. Sai dai masu ba ku labarin rabi suka ba ku. Babba, wanda wasunku ke ce wa Baba, wasunku Baffa, wasunku Kawu, shi ya ce mini da bakinsa, Inna, faɗa musu duka, babu sauran abin ɓoyo. Shi ya sa nake faɗa ana rubutawa, don ni ban taɓa riƙe alƙalami ba.

Gidanmu na Ƙofar Mazugal gidan wanzamai ne tun kaka da kakanni. Kakanku Malam, Allah ya jiƙansa, babu jaririn da aka haifa a lungunanmu da askarsa ba ta bi ta kansa ba ranar suna. Shi ke kaciya, shi ke cire beli, shi ke kafa ƙaho. Mutum ne wanda ya san jini kamar yadda mai koda ta san tsaba. In ya zare ƙaho daga bayan mutum ya juye a kasko, sai ya tsaya ya duba, ya ce wannan na gajiya ne, wannan na rana ne, wannan ya daɗe da mutuwa a jiki. Kuma yana da magana ɗaya da ya gada wurin mahaifinsa, ba ya sauka daga kanta: mataccen jini ake cirewa, shi ne baƙi mai guda-guda da ke kwance a ƙarƙashin fata. Na cikin jijiya kuwa jinin rai ne, wanzamin kirki ba ya taɓa shi. A kan wannan ya rayu, a kan wannan ya koyar da Babba, wanda tun yana ɗan mitsitsi yake rataya masa zabira, jakar fatar da ake zuba asake da ƙahonni.

Shekarar da soja suka sauka farar hula suka hau, gari yana ta murna, mu a gidanmu makoki muke. Matar Babba ce ta rasu bayan doguwar jinya, yarinya mai kunya, ta rame har ta zama kamar sillen kara. Ba mu san sunan ciwon ba a lokacin. Ana nan ana nan, sai shi ma Babba ya soma: yau zazzaɓi, gobe gudawa, jibi tari. Malam ya kafa masa ƙaho, ya jiƙa masa saiwoyi, aka yi rubutu aka sha, jiki sai zubewa yake. Da wani abokinsa ya ja shi babban asibiti aka ɗebi jini, ya dawo ya durƙusa a gabanmu ya faɗi sunan abin. Ƙanjamau. A wancan zamanin ko sunan ba a faɗa da ƙarfi, 'yan gari kabari kusa suke ce masa. Ban tambaye shi inda ya samo ba, har yau ban tambaya ba, ku ma kada ku tambaya. A ranar ya ajiye askarsa da kansa, ya ce ba zai ƙara ɗora ta a kan ɗan kowa ba. Malam ya tashi ya shiga zaure.

Allah da ikonsa, wajen lokacin da aka soma liƙa fastocin zaɓe na biyu a bangon unguwa, sai magani ya iso asibitin, aka sa Babba cikin masu karɓa. Ƙwayoyi ne, a sha da safe a sha da yamma, ba fashi. Kafin a fara sai da aka cika 'yar kwalba da jinin hannunsa aka ba shi takarda. Bayan wasu watanni aka sake ɗiba, aka sake ba shi wata. Ita wannan ɗibar ce ke ci wa Malam rai, don ya taɓa raka shi ya ga inda allurar ke shiga, ya ga kalar abin da ke fita, ja wur. Ga shi kuma maganin da farko ya wahalar da yaron, ga jiri, ga ƙuraje, ga ɗacin baki.

Wata rana bayan azahar ina tankaɗe a tsakar gida, sai Malam ya shimfiɗa buzunsa ya jera takardun nan biyu a gabansa, ya danne su da carbi. Boko bai yi ba, amma lamba ba ta ɓace masa.

"Asabe, zo ki gani."

"Me zan gani, Malam, ni da ban san baƙi ba?"

"Ba karatu na ce ki yi ba, ido za ki sa. Ga ta farko, ga ta yanzu. Kin ga wannan doguwar lambar ta ƙasa? Ta sauka. Ba kaɗan ba."

"Wannan gajerar ta sama fa?"

"Ta ɗan motsa. Buhu ya zube kina nuna mini mudu. Suna zuƙe masa jinin rai da allura, ƙwaya tana cinye saura, ga shi da hannunsu sun rubuta. In kwalbar maganin nan ta ƙare, ba a ƙara karɓo wata. Ni zan yi jinyar ɗana."

Babba yana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa, kansa a sunkuye. Abin da ya ce kawai shi ne, to Baba. Ku da kuka san shi yanzu da faɗa da ƙarfin murya ba za ku gane ba, amma a lokacin mutum ne da ya gaji da duniya, kuma tun da aka haife shi bai taɓa mayar wa ubansa magana ba. Da na keɓe da shi na tambaye shi abin da likita ta ce, sai ya ce ta yi bayani, amma layi ya yi tsawo, kunnensa yana ta ƙugi, abin da ya riƙe kawai shi ne ya ci gaba da sha. Na ɗauki kwalbar na girgiza. Ƙarar da ta yi ba ta da yawa.

A nan sai na tsaya na gaya muku wani abu da ku 'yan yanzu ba ku san nauyinsa ba. Babba ɗan farina ne. A tarbiyyar da aka yi mana, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ran da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. In ya faɗi ya fasa baki, wata ce za ta ɗaga shi, ni sai dai in kau da kai ina jin abin a cikina. Babba ma laƙabi ne da aka sa masa don irina su sami abin kira. Haka na yi shekara kusan arba'in. To yau ga shi za a raba shi da abin da zuciyata ke gaya mini shi ne igiyar da ke riƙe da shi, kuma al'ada ta ce in kau da kai.

Na ce wa Malam zan je asibiti dubiya. Ya ce a dawo lafiya. Babba ya miƙo mini takardun ta ƙarƙashin tabarma, na soke su a lalitata, na yafa mayafi na shiga tasi ni kaɗai, abin da ban taɓa yi ba. A asibitin aka yi ta nuna mini hanya, daga wannan baranda zuwa waccan, har na isa gaban wata ma'aikaciyar jinya mai farin kaya tana zaune a bayan tebur da tarin fayil.

"Mama, wa kike nema?"

"Likitar ɗana."

"Yaya sunan ɗan naki?"

"Babba."

"Mama, Babba nawa ne a garin Kano? Sunansa na yanka nake so."

Takardar tana lalitata, da na zaro ta da ta karanta da kanta. Wallahi tunanin bai zo mini ba. Na dubi hagu na dubi dama, mata cike da benci. Bakina ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutsen niƙa. Sai na sunkuya dab da kunnenta na faɗa. Sunan da liman ya raɗa masa, wanda ban taɓa furtawa ba ko a cikin ɗaki ni kaɗai. Ita ko a jikinta, ta juya tana laluben fayil. Ni kuwa na koma na bi layi.

Na jira har layi ya ƙare. Likitar yarinya ce sa'ar autata, idonta ya yi ja don gajiya. Ta fara tambayata ko shi ya san na zo, na ce shi ya ba ni takardun. Na kwashe maganar Malam kaf na gaya mata. Ba ta yi dariya ba, wannan na gode mata har gobe. Ta jawo kujerarta kusa da ni ta ɗora yatsa a kan lambar sama.

"Mama, wannan ba awon yawan jini ba ne. Wasu 'yan halittu ne a cikin jinin masu tsare jiki, su ake ƙirgawa. Na sama sunansu si-di huɗu, na ƙasa si-di takwas."

"Huɗu da Takwas. Na riƙe."

"Takwas su ne masu kisa. Cuta irin wannan shiga take cikin ƙwayoyin jikin mutum ta ɓuya tana hayayyafa. Aikin Takwas su bi su gano inda ta ɓuya su rushe wurin. Huɗu kuma su ne masu kiran su, su nuna musu inda za su nufa, su ƙarfafa musu gwiwa. To ita wannan cutar Huɗu take kashewa. Shi ya sa a takardar farko kika ga Huɗu sun kusa ƙarewa, Takwas kuma sun yi yawa fiye da na mai lafiya, don jiki ya ga abin ya yi ƙamari yana ta turo su."

Na juya maganar a raina. Sai na tuna wata gobara da aka taɓa yi a lungunmu ina amarya, yadda maza suka cika ƙofar gidan da bokitai har ba wurin sa ƙafa, kowa yana watsa ruwa inda ya ga dama, sai da wani dattijo ya hau katanga yana nuna musu inda wutar take sannan aka ci ƙarfinta.

"'Yata, tsaya in gani ko na gane. In na leƙo na ga masu bokiti sun cika ƙofar gida, ba lafiya ke nan ba, wuta ce ke ci."

"Haka ne."

"In kuma na ga sun soma raguwa suna komawa gidajensu..."

"Wutar ta soma lafawa. In dai mai nuna musu hanya yana ƙara ƙarfi, kamar yadda ya ƙaru a nan. Amma Mama, kada ki je ki ce duk saukar Takwas alheri ce. Ba a karanta ta ita kaɗai. Wani zazzaɓin ma yana ɗaga ta, wani abin yana sauke ta. Tare ake duba su, a dubi mai jikin kuma. A wurin ɗanki, ƙaramar ta hau, babbar ta sauko, nauyinsa ya ƙaru. Abin da muke roƙo ke nan. Jinin da muke ɗiba kuwa bai fi cokali ba, jiki yana mayar da shi."

"In ya bar shan maganin fa?"

Ta dube ni ido cikin ido.

"Wutar za ta dawo. Kuma in ta dawo, mai yiwuwa wannan maganin ba zai ƙara jin ta ba, ba mu da wani a hannu."

Na dawo gida ina maimaitawa a cikin tasi kamar mai tilawa, Huɗu ta hau, Takwas ta sauko, kada in zubar da ko ɗaya a hanya. Na bari Malam ya ci abinci ya wanke hannu, na durƙusa na gaya masa inda na je da abin da na jiyo, har da bokitan. Ya saurare ni har na kai aya. Sannan ya yi wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

"Sannu Likita. Shekara hamsin hannuna yana cikin jini, yau ke da wata 'yar cikina za ku koya mini shi da bokiti."

"Malam, ba jinin da ka sani ba ne. Wannan ido ba ya ganin sa."

"Abin da ido bai gani ba, takarda ta gani, ta ce ya ragu. Kuma tun yaushe kika fara shiga maganar yaron nan? Ina kunyar?"

"Na bar ta a asibiti."

"To a gidan nan magana ta ƙare."

"In ta ƙare a nan, zan kai shi gidan Yaya."

Bai zaci zan iya ba. Ni ma ban zata ba. Kada ku ɗauka mugunta ce ta sa shi, ko kusa. Son ɗansa ne, da iliminsa da bai taɓa ba shi kunya ba sai a wannan karon. Da safe bayan ya fita aski, na ɗaure 'yan tsummokarana, na ce wa Babba tashi. Ya ce Inna, Baba fa? Na kira shi da sunan nan, karo na biyu a rayuwata, na ce tashi na ce. Ya ɗago ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya tashi.

Yayana Sule, a gindin Goron Dutse gidansa yake. Da ya gan mu da ƙunshin kaya sai ya riƙe baki.

"Asabe, yaji? Yanzu? Sa'o'inki suna aurar da jikoki ke kina yaji?"

"Yaya, ɗaki nake so da rana ke shiga, saboda mara lafiya."

Ya dubi Babba, dariyar ta tsaya. Ya sa aka kwashe buhunan da ke ɗakin kusa da rijiya.

Yanzu ga kuɗin da aka biya, don ba a banza aka samu ba. Tsohuwa ba ta barin gidan miji da ƙaton ɗa a bayanta mutane su yi shiru. Aka yi ta tambaya, aka yi ta haɗa wannan da wancan, rasuwar matarsa, ramarsa, ajiye askarsa. Kafin wata ya zagayo, abin da muka rufe shekara da shekaru ya zama zancen bakin rijiya. Masu kiran Malam askin suna suka soma kiran wani. Gidajen da tun kakanninsu mu ke yi musu kaciya suka kai 'ya'yansu wani wuri. Mutumin da ba ya zama don yawan kira, ya koma yini a zaure yana wasa askar da ba wanda zai aske da ita. Wasu sun dawo daga baya, da yawa ba su dawo ba har ya koma ga Allah. Ina sane da wannan. Fitata ce ta buɗe ƙofar, kuma ko yau aka mayar da ni wannan safiyar, zan sake ɗaure kayana.

Muka yi damina a Goron Dutse, muka ga kaka. Ni ke miƙa wa Babba ƙwaya da hannuna, in tsaya sai na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ƙurajen suka bushe. Ya soma neman ƙarin tuwo. Wata rana na neme shi na rasa, ashe dutsen ya hau shi kaɗai, ya dawo yana haki yana cewa ya hango rufin gidanmu. Da aka sake awo, ban jira kowa ya karanta mini ba, na jera takardun uku a kan tabarma. Ta sama da take gajeruwa ta ƙara tsawo da lamba guda. Na kai wa likitar don in tabbatar, ta ce Mama, kin fi wasu ɗalibaina. Na yi alwala na yi sujada a ɗakin nan na kusa da rijiya, na daɗe ban ɗago ba.

Duk tsawon wannan lokaci Malam bai aiko ba, bai zo ba. Sai wata Juma'a da hantsi muka ji sallamarsa a zaure, wai ya zo yi wa Yaya aski. Yaya da yake da sanƙo tun ina budurwa. Ina daga bayan ƙyaure ina jin su.

"Malam, me za ka aske a nan? Sai dai ka goge."

"Gemun ma ai gashi ne. Ina yaron nan?"

Babba ya fito ya durƙusa. Malam bai tambayi takarda ba. Ya kama haɓarsa ya juya fuskarsa wajen haske, ya ja fatar idonsa ƙasa ya leƙa. Ya kama hannunsa ya danna farce, ya saki, yana kallon yadda jan ke dawowa. Ya buɗe tafin ya duba. Ya matsa damtsensa. Ya daɗe yana wannan. Sannan ya ɗaga murya yadda zai iso bayan ƙyaure.

"A gaya wa Likita, gidan ba shara."

Bikon ke nan, ba a ƙara da komai ba. Da la'asar muka koma Ƙofar Mazugal.

Bai taɓa ce mini kin yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba. Ranar da muka koma na ajiye kwalbar maganin a kan taga a fili, ban ɓoye ba. Ya wuce ta ya fita masallaci. Da aka idar da magariba sai na ji takunsa ya tsaya a ƙofar ɗakin Babba. Ya yi gyaran murya.

"An sha?"

"An sha, Baba."

Da asuba ma haka. Washegari ma haka. Daga ranar ya karɓe wannan aikin daga hannuna ba tare da mun yi shawara ba, in ya dawo daga sallar asuba ya tsaya, in ya dawo daga magariba ya tsaya, ko ruwa ake ko ciwon ƙafarsa ya tashi. Babba ya kama sayar da robobi a Ƙofar Wambai, ya sake aure da sanin matar da shawarar likita, aka haifi wasunku lafiya lau, duk Malam yana tsayawa a ƙofar nan. A ciwonsa na ajali, da ya daina gane mutane, ya daina gane ni, in ya ji kiran magariba sai leɓensa ya motsa. Babba ne ke sunkuyawa ya amsa masa.

Na gode wa Allah da ya ba yarinyar nan haƙurin jawo kujerarta kusa da tsohuwar da ba ta san baƙi ba. Na gode wa Yaya Sule da ɗakinsa. Na gode wa Malam, Allah ya haskaka kabarinsa. Babba yau furfurarsa ta fi tawa haske, jiya ma ya zo yana yi mini faɗa wai na cika shan gishiri. Na bar shi ya gama, sannan na ce da shi, kai, an sha?